Isawa: Gardamar Masana A Kan Almajiran Malam Ibrahim

Ran nan muna zaune a Chikaji da maraice, sai wani malamin makaranta ya tambaye mu, wai shin gaskiya ne an yi Kirista a ƙasar Hausa tun Turawa ba su zo ba? Ba mu yi gaggawar amsawa ba, gama masana tarihi su kansu ba su daidaita a kan wannan magana ba.

Ga abin da kowa ya yarda da shi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birnin Kano ana ce da shi Ibrahim. Ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, Alaihis Salam, har ya shiga koya wa almajiransa su fifita shi, su saurari komowarsa. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Almajirai suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu ƙauyukan Zazzau. Su ne ake kira Isawa, ko kuwa Bani Isra'ila. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila na Mishan a birnin Zariya. Aka kafa musu gari a Gimi, amma ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa musu, ya ci rayuka da yawa, garin ya mutu.

To, nan ra'ayi ya rabu. Marubutan Mishan sun ɗauki Malam Ibrahim tamkar mai share wa bishara hanya, suna kafa hujja da labarin cewa ya gaya wa mutanensa za a zo musu da cikakken bayanin Isa. Amma Ian Linden, wani Bature da ya bi sawun labarin a shekarun 1970, ya ga abin daga cikin Musulunci ya tsiro. Mu dai hankalinmu ya fi kwanciya da wannan. Saukowar Annabi Isa don kashe Dujal ai karatun zaure ne, kuma a lokacin nan ƙarni na 13 na Hijira yana gab da cika, zancen Mahadi ya cika bakunan malamai. Mutanen nan kuwa Alƙur'ani suke karantawa. Duk da haka ba mu raina abin da jikokinsu na Wusasa suka gada daga bakin kakanninsu ba.

Wahalar ita ce, yawancin abin da muka sani daga alƙalamin waɗansu ya fito. Haka ya faru ga Ebiyonawa, watau wata ƙungiyar Yahudawa ta farkon Kiristanci, masu riƙe da shari'ar Annabi Musa, suna cewa Isa mutum ne zaɓaɓɓe. Kusan duk labarinsu daga abokan gardamarsu aka samo shi, irin su Iraniyus wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180. Mutanen Ƙumran su ne suka yi sa'a. A 1947 makiyaya suka tarar da takardunsu cikin tuluna a kogo kusa da Tekun Gishiri, zuwa 1956 an sami koguna 11 masu takardu. Ko da haka gardama ba ta mutu ba: Roland de Vaux ya ce na ƙungiyar Essinawa ne, Norman Golb ya ce daga Urushalima aka kwaso su aka ɓoye.

Ƙasarmu ba ta da bushewar kogunan can. Gara da damina ba su barin takarda, tsofaffin da suka ga Gimi da idonsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna, in rangadi ya kai ku ƙauyukan Zazzau ko Ningi kuka ga tsohuwar gafaka a gidan malami, ku nemi izinin masu ita a ɗauki hoton abin da ke ciki, a kai Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tare da sunan garin da na wanda aka gada daga gare shi.