Yadda Za A Ƙara Wa Tsohuwar Kwamfuta Ƙarfi Da Kuɗi Kaɗan

Kwamfutar tebur, wato wadda ake girkewa wuri guda da akwatinta da allon kallonta, ta shiga garuruwan karkara fiye da yadda ake zato. Akwai ta a sakatariyar ƙaramar hukuma, da ofishin shugaban makaranta, da shagunan buga takardu na bakin tasha. Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, iyaye da yawa sun ga ya zama dole 'ya'yansu su saba da ita kafin ranar jarrabawa. Sai dai galibin waɗannan injuna na hannu ne, an gama aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka, aka kwaso su zuwa kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja a Legas da titin Beirut a Kano. Akasari ƙirar Dell ne, ko HP, ko Lenovo.

Kukan masu su ɗaya ne, wato nauyi. A kunna inji, a je a yi alwala a dawo, bai gama tashi ba. Mai shago yana zaune yana kallon allo, mai neman a buga masa takardar neman aiki yana tsaye har ya gaji ya koma shagon gaba. Daga nan sai a ce inji ya tsufa, sai sabo. Alhali kuɗin sabo ya fi ƙarfin yawancin jama'a, kuma sau da yawa abu biyu ne kacal ke buƙatar canji a cikin akwatin. Wanda ya iya karatu, yana da sukudireba da natsuwa, zai iya yin aikin da hannunsa.

A fara sanin ciwon

Abu uku ne ke yin aiki a cikin akwatin. Akwai firosesa, ita ce ma'aikaciyar. Akwai ram, wadda take kamar faifan da ake zuba hatsi a kai lokacin da ake tsince shi. Akwai kuma faifan ajiya, wanda yake kamar rumbu, a nan takardu da hotuna da Windows kanta suke kwana. Idan faifan tsinta ƙarami ne, dole mai aiki ta yi ta zirga-zirga zuwa rumbu. Idan kuma ƙofar rumbun ƙarama ce mai wuyar buɗewa, komai zafin naman mai aiki sai ta jira. A tsofaffin injuna, ma'aikaciyar ba ta cika zama mai laifi ba. Rumbun ne da faifan.

Kwamfutar da kanta za ta faɗi inda ke mata ciwo. A danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. A shiga sashen Performance, a bar shi a buɗe, a ci gaba da aikin da aka saba yi. Idan aka ga Disk yana tsaye a kan kashi 100 cikin 100 ba ya sauka, to faifan ajiya ne ya gaza. Idan Memory ce ta haura kashi 80 ko 90, ram ta yi kaɗan. A wannan shafi kuma za a ga yawan ram ɗin da ke ciki, da ramuka nawa aka cike, nawa suka rage. A rubuta wannan a takarda tare da cikakken sunan ƙirar injin da ke jikin akwati. Da wannan takarda za a je kasuwa.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a kwashe duk muhimman takardu zuwa filashi ko wani faifan waje. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, da lissafin bashin shago, da takardun fili da mutane suka kawo aka buga, duk ba a sayen su a kasuwa idan sun ɓace.

Hattara da wuta

A kashe inji, a zare wayarsa daga bango ɗungurungum, sannan a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Kafin a taɓa komai a ciki, a dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Dalili kuwa, jikin mutum yana tara wata 'yar wuta, irin wadda ke yin ƙyas idan an cire rigar sanyi ko an taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu. Ba ta cutar da mutum, amma tana iya kashe ram nan take, kuma ta fi yawa a lokacin da iska ta bushe. A riƙa kama kayan ta gefe, kada a taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya.

Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe a ciki wanda wayar bango ke shiga, shi ke raba wa sauran kaya wuta. Wannan ba a buɗe shi ko kaɗan, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. A bayan wasu tsofaffi akwai ɗan jan makunni da aka rubuta 115 da 230. Wutar Amurka ba ta kai ta Nijeriya da Nijar ƙarfi ba, saboda haka a nan dole ya zauna a kan 230. Wanda ya jona inji yana kan 115, ƙara da hayaƙi ne za su ba shi labari.

Gyaran farko ba ya cin ko kwabo. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ƙarfen da ke sanyaya firosesa, ita kuwa idan ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A fitar da akwatin waje, a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, a hure ƙurar da abin hura iska, a bi da busasshen buroshin fenti mai laushi. Ba a sa ruwa, ba a kuma hurawa da baki saboda yawu.

Inda kuɗi ya fi amfani

Idan kuɗin abu ɗaya kawai ake da shi, to a sayi SSD. Tsohon faifan ajiya faranti ne na gaske da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke kai da komo tana neman bayani, kamar garmaho. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, dangin katin ajiya na waya ne. Tsohon faifai yakan kwaso megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na talakawa yakan kai 500. Bambancin ya fi haka nesa idan ana neman ƙananan bayanai da ke warwatse, wanda shi ne aikin da Windows ke yi dare da rana. Injin da ke cin minti biyu ko uku kafin ya tashi, galibi yakan koma tashi cikin rabin minti.

Irin da ya dace da kusan kowane tsohon inji shi ne mai inci biyu da rabi, wanda ake kira SATA. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Mai gigabait 240 ko 256 ya isa shagon buga takardu. Mai 128 ya fi araha, amma ba a daɗewa ya cika, domin Windows kaɗai za ta cinye kaso mai yawa. Akwai wani iri siriri kamar sandar cingam da ake kira M.2, ya fi sauri, amma sai babban allon injin yana da raminsa, kuma tsofaffi da yawa ba su da shi.

Sanya shi ba wuya. Wayoyi biyu ne ke shiga tsohon faifai, siririya ta bayani da mai faɗi ta wuta. A zare su, a soka wa sabon. Bakinsu yana da ɗan lanƙwasa, ba sa shiga a juye, saboda haka idan waya ta ƙi shiga kada a tilasta mata, a juya ta. Idan babu wurin ɗaure shi da noti, a ɗaure shi da igiyar roba a inda ba zai taɓa fanka ba.

Sabon SSD fanko yake zuwa, sai an zuba masa Windows. Ana buƙatar filashi mai gigabait 8 ko fiye, wanda ba komai a cikinsa, domin za a goge shi. Kamfanin Microsoft yana ba da manhajar shirya irin wannan filashi kyauta a shafinsa na intanet, kuma gara a shirya shi tun kafin a cire tsohon faifai, ko a shagon da ke da intanet mai ƙarfi. A soka filashin, a kunna inji, a yi ta danna F12 idan Dell ne ko Lenovo, ko F9 idan HP ne, a zaɓi filashin, a bi umarni. A lokacin wannan aiki tsohon faifai ya kasance a cire, don kada a goge shi bisa kuskure. An sha yin wannan asara. Bayan komai ya daidaita, ana iya mayar da shi da wata wayar ya zama rumbu na biyu.

Kasuwa kuwa sai an buɗe ido, domin akwai jabu, akwai kuma tsoho da aka sake wa kwali. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyar faifai da yawan awoyin da ya yi yana aiki. Wanda aka ce sabo ne amma ya nuna dubban awoyi, a mayar wa mai shi. A nemi rasit, a kuma yi magana a kan mayarwa tun kafin a biya. Wani abin lura shi ne, tsohon faifai yakan yi ƙara da gargaɗi kafin ya mutu, shi kuwa SSD yakan ɗauke ne farat ɗaya, kuma ceto bayani daga cikinsa yana da wuya. Saboda haka al'adar kwafe takardu zuwa wani wuri ba ta ƙare ba don an sayi sabo.

Batun ram

Gigabait 4 ya yi kaɗan ga aikin yau, musamman idan ana buɗe shafukan intanet da yawa. Gigabait 8 ya wadatar da buga takardu da rajistar ɗalibai. Wanda ke haɗa hotuna da katin biki zai ji daɗin 16.

A nan ne sababbin shiga suka fi yin asarar kuɗi, domin ram iri-iri ce kuma ba ta shiga ramin da ba nata ba. DDR3 ta fito a 2007, DDR4 a 2014, sai DDR5 daga baya. Kowace da inda aka yi mata tsaga a tsakanin haƙoranta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro wadda ke ciki a karanta takardar da ke manne a jikinta. PC3 yana nufin DDR3, PC4 yana nufin DDR4. A tafi da ita kasuwa a aljihu, a naɗe cikin takarda, a ce irinta ake so. Idan aka ga harafin R a ƙarshen lambar, kamar PC3-10600R, wannan ta manyan injunan kamfanoni ce. Takan yi araha, amma ba ta aiki a kwamfutar gida. Haka kuma ta kwamfutar cinya gajera ce, ta tebur doguwa, in ban da ƙananan akwatunan nan masu girman littafi da ke amfani da gajerar. Farashin ram ya tashi ƙwarai a kasuwar duniya a ƙarshen 2025, don haka ta hannu mai lafiya ba abin ƙi ba ce, muddin an gwada ta a gaban mai saye.

Wajen sanyawa, a buɗe 'yan maƙallan da ke bakin ramin, a daidaita tsagar, a danna gefe biyu da manyan yatsu har a ji ƙas. Tana buƙatar ɗan ƙarfi fiye da yadda mutum zai zata. Idan an kunna inji allo ya ƙi kawowa, ko ana jin ƙara ɗin-ɗin, ba lalacewa ya yi ba, yawanci ram ce ba ta zauna ba. A kashe, a zare wuta, a sake danna ta. Guda biyu masu gigabait 4 iri ɗaya sun fi guda ɗaya mai 8 sauri kaɗan, domin injin yana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Sannan Windows mai lamba 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, sai an zuba mai lamba 64.

Idan agogon kwamfuta yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo a kan babban allo ya mutu. Lambarsa CR2032, ana samunsa wurin masu gyaran agogo.

Canja firosesa ba aikin ɗan koyo ba ne, kuma ribarsa kaɗan ce idan aka kwatanta da kuɗinsa. Haka katin hoto na masu wasanni: siraran akwatunan ofis ba su da wurinsa, akwatin wutarsu ma ba zai ɗauke shi ba. Wannan kuɗi gara a sa shi a sitabilaiza, ko UPS mai riƙe wuta na 'yan mintoci, domin hawa da saukar wutar lantarki da ta janareta sun fi tsufa kashe inji.

Akwai kuma maganar da mai tsohon inji ya kamata ya sani. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Injin zai ci gaba da aiki, amma ba a ƙara toshe masa kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana neman firosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0. Ana gane zubin daga lambar: i5-8500 ta takwas ce, i5-3470 ta uku. Wanda injinsa bai kai ba yana iya zuba masa Linux Mint, wadda kyauta ce, ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice na buga takardu da lissafi. Sai dai a fara gwada ta daga filashi a ga ko injin buga takardu na shagon yana aiki da ita.

Injin da ke amfani da DDR2, ko wanda aka ga 'yan gwangwanayen kan babban allonsa sun kumbura ko suna tsatsafo da ruwan tsatsa, bai cancanci a saya masa ram ba. Irin wannan a ci gaba da lallaɓa shi ana tara kuɗin wani na hannu mai zubi na takwas. SSD kaɗai za a iya saya masa, domin ranar da aka samu wani injin, za a zare wayoyin nan biyu a mayar da shi can.