Busasshen Kifi, Namu Da Na Norwe

'Yan'uwana mata, kifin nan mai tauri kamar itace da ake kawowa kasuwanninmu, daga ƙasar Norwe yake fitowa. Can a tsibiran Lofoten rataye shi suke yi bisa katako, daga Fabrairu zuwa Mayu, iska ta busar da shi, ba gishiri ba hayaƙi. Sanyi ke korar musu ƙuda.

Mu nan Warra, bakin tafkin Kainji, zafi gare mu, sai mun yi da gaske. Kada mu shanya warangi a ƙasa, mu ɗaga shi bisa rumfa. Tarwaɗa kuwa a yi mata banda har ta bushe ƙayau. Maganin ƙwari guba ne, kada ya taɓa abin da yaranmu za su ci.