Masu Jinya a Sashen Kula da Ƙwaƙwalwa

A sashen kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda suka bugu a ka, ko jijiyar jini ta fashe musu a ƙwaƙwalwa, likita yakan zo ya duba ya wuce, amma ma'aikaciyar jinya ce ke tsaye a kan majinyaci dare da rana, ko da yake, a ganina, ba kasafai ake ba ta haƙƙinta na yabo ba. Ita ce ke ɗaga fatar idonsa lokaci-lokaci ta haska 'yar tocila, domin idan ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa, alama ce kumburi ko jini ya fara danne ƙwaƙwalwa cikin ƙoƙon kai, wanda ba shi da halin faɗaɗa, kuma jinkiri kaɗan a nan yana iya zama sanadin ajali.

Haka nan tana auna farkawarsa da ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka wallafa a 1974, inda ake lura da buɗe ido da magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Tana kuma ɗaga kan gadonsa kimanin digiri 30, tana juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya.