Ƙashi 22, Jijiya 12: Dutsen da Ɗalibin Likitan Haƙori Ke Hawa

A duk lokacin da jarrabawa ta gabato, uwaye da dama sukan yi mamakin saƙon da ke zo musu daga Dakar, ko Bamako, ko Abijan. Ɗiyar da ta ci bakaloriya da daraja, wadda ba ta taɓa maimaita aji ba, ga ta tana kuka a waya wai anatomi zai kayar da ita. Sai uba ya ce: "Ashe ba haƙori muka tura ki karantawa ba? Me ya haɗa ki da ƙasusuwan mutane?" A kan wannan tambaya muka ga ya dace mu tsaya, domin gidan da bai san nauyin kayan ɗansa ba, ba zai san ta inda zai kama masa ba.

Anatomi shi ne ilimin ƙirar jikin ɗan Adam, wanda magabata suka kira tashrihi. Jikin babba yana da ƙashi 206, kuma a shekarun farko ɗalibin haƙori yana bin sassan jiki kamar abokinsa mai karatun likita. Amma inda ake matse shi sosai shi ne kai da wuya. Ƙoƙon kai ƙashi 22 ne: 8 sun rufe ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska, kuma a cikinsu muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Ta 5 ta rabu gida 3, ita ke kai saƙon zafin haƙori, ta 7 kuma ita ke motsa fuska. Sai tsokoki 4 na tauna a kowane gefe, da manyan mafitar yawu 3 a dama, 3 a hagu, sannan haƙora 32 na babba da 20 na yarinta. Kowanne sai ɗalibi ya san sunansa, da mafarinsa, da hanyarsa, da maƙwabtansa.

Ba don mugunta malamai ke tsanantawa ba. Idan likita zai cire turmin ƙasa, yakan yi allurar kashe zafi kusa da wata ƴar kafa da ke cikin muƙamuƙi, inda jijiya ke shiga ƙashi. Idonsa ba ya ganin kafar, iliminsa ne ke nuna masa. In allurar ta wuce baya, maganin zai iya kaiwa ga jijiya ta 7, rabin fuskar majinyaci ya saki, ido ya ƙi rufuwa na wasu sa'o'i. Jijiyar harshe kuma tana daf da turmin ƙarshe, in aka ji mata rauni mutum zai iya daɗewa ba ya jin rabin harshensa. Haka ruɓar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe, wuya ya kumbura har numfashi ya toshe. Wanda ya san hanyoyin nan shi ke gane ranar da ciwon haƙori ya zama batun rai.

Wasu uwaye kuma abin da ke damunsu shi ne feɗe gawa. A shekarar 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta shi don koyon likitanci, bisa sharuɗɗa: a sami izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, a tsaya iyakar bukata, a kuma binne dukkan sassan bayan an gama. Ban da haka, yawancin darasin kai ana yinsa da busassun ƙasusuwa, da samfurin roba, da hotunan kwamfuta. Kuma ilimin nan ba baƙo ba ne gare mu. Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan aikin kankare haƙora a littafinsa Attasrif. Abdulladif Albagdadi kuwa, lokacin yunwar da aka yi a Masar wajen 1200, ya duba ƙoƙon kai sama da 2000, ya tabbatar muƙamuƙin ƙasa ƙashi guda ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinusu ya rubuta aka yi ta bi ƙarnoni. Gani ya kori ji.

Darasin farko ga ɗalibi ke nan: kada ya tsaya ga hadda. A jami'o'in da ke bin tsarin Faransa malami yakan zana komai a allo da alli mai launuka, kuma ranar jarrabawa ana iya cewa ɗalibi ya zana ya sa sunaye. Don haka ya rufe littafi, ya zana da ka, ya buɗe ya ga inda ya kuskure, ya sake bayan kwana 2, sannan bayan mako. Ya riƙa taɓa jikinsa: in ya cije haƙora zai ji tsokar tauna ta taso a kumatu, in ya sa yatsa gaban kunne ya buɗe baki zai ji mahaɗar muƙamuƙi tana motsi. Ya zauna da abokai 3 ko 4, kowa ya yi bayani da baki, domin abin da ba ka iya faɗa wa wani ba, ba ka riƙe shi ba tukuna. Ya lura kuma da sunaye, domin tsofaffin bugun littafin Rouvière suna ɗauke da sunayen da, sababbin littattafai kuwa suna bin tsarin duniya na 1998. Ya tambayi wanda malaminsa ke karɓa tun farkon shekara. Kwana zaune a daren jarrabawa ba ya biyan bashin watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura rabonmu, mu uwaye. Mu aika kuɗin wata a kan lokaci, don ciki da yunwa ba ya riƙe sunan jijiya. In da hali mu saya masa littafin hotuna irin na Netter, ko ƴan uwa su haɗa hannu. Mu ɗauke masa kiran biki da rigimar gida har ya gama. In ya faɗi a zagayen farko, kada mu tara masa dangi da gori, mu tambaye shi wane sashe ne ya kayar da shi, mu ƙarfafa masa gwiwa ya sake shiri.

Mun san yadda mutanen karkara ke tafiya mai nisa da kumburarren kumatu kafin su ga likitan haƙori. Mun san cutar noma mai cin fuskar yara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Yarinyar nan da ke zanen ƙoƙon kai bayan asuba, wata rana ita za ta duba bakin jikokinmu. Allah Ya ba ɗiyanmu sa'a, Ya sa ilimin ya amfani al'umma.