Littafin Hotuna a Hannun Yaron Zango

A Missèbo, kasuwar gwanjo da ke jikin unguwar Zango a Kwatano, yaro yakan tashi da Hausa a gida, yana tsintar Fon ko Yarbanci a rumfunan kasuwa. Ranar da aka sa shi a boko sai a ɗora masa Faransanci, a ce ya koyi haruffa da baƙon harshe lokaci guda. Kaya biyu ke nan a kan ɗan shekara shida. Nauyin ba wasa ba ne: a 2022 Bankin Duniya ya kiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta.

Littafin hotuna mai ban dariya yana rage masa ɗaya daga cikin kayan. Akuya ta tura kai cikin kwandon mai tumatir, yaro ya ƙyalƙyale, ya gane labarin da harshen uwarsa tun kafin a karanta. Kalmar da ke ƙasan hoton sai ta tarar da ma'ana tana jiranta. Dariyar nan ce ke sa ya ce a sake, maimaici kuwa shi ke dasa kalma, malamin allo ma shaida ne. Binciken Grover Whitehurst a Amurka a 1988 ya nuna cewa yaran da iyaye ke yi wa tambayoyi kan hotuna sun fi takwarorinsu sakin baki. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya wannan.

Wasu malamai na cewa hoto yana koya wa yaro kintace, ya dubi akuya ya faɗi sunanta bai kalli rubutu ba. Suna da hujja. Hoto ba ya koyar da baƙi da wasali, dole malami ya zauna ya koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Amma yaron da ya iya haɗa baƙaƙe bai san abin da yake furtawa ba, aku ne kawai. Masu cewa littattafan na Turawa ne kuwa, a Kwatanon nan Béatrice Lalinon Gbado ta kafa Ruisseaux d'Afrique, tana buga labaran yaran Benin da zanen da ya yi kama da su. Matsalar tsada gaskiya ce, sai dai African Storybook na da labaran Hausa kyauta, waɗanda uba zai iya buɗe wa ɗansa a wayar da yake ciniki da ita.