Ban Yi Makarantar Ɗinki Ba, Zan Iya Fitar da Kaya da Sunana?

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku wannan makon, musamman daga mata, ita ce: ban karanci zayyanar tufafi ba, ko keke ban iya takawa ba, zan iya kafa kamfanin kaya? Amsata ita ce e, amma akwai sharaɗi.

Lisa Folawiyo lauya ce, ta fara a Legas a 2005 da atamfa tana ƙawata ta da duwatsu da hannu. Virgil Abloh, wanda iyayensa 'yan Gana ne, injiniyanci da zanen gine-gine ya karanta a Amurka, ya kafa Off-White a 2013, a 2018 kuma Louis Vuitton ta damƙa masa sashen kayan maza. To amma masu ba da labarinsa suna tsallake wani wuri: mahaifiyarsa tela ce, kuma ya yi zaman koyon aiki a Fendi. Takardar ce bai karɓa ba, ilimin kam ya nema. Wannan shi ne sharaɗin.

Abu na farko da makaranta za ta koya miki, wanda ni sai da na sha wuya na gane, shi ne bambancin tela da mai kamfani. Tela yana auna mutum ɗaya da ke gabansa. Ke kuwa za ki ɗinka wa wadda ba ki taɓa gani ba, tana Kaduna ko Maraɗi, hoto kawai ta gani a waya. Lokacin da na fara, dab da ƙaramar Sallah, na raba dogayen riguna ga teloli uku, na ce musu ƙarami, matsakaici da babba. Wallahi kowa da nasa matsakaicin! Na wannan hannu ya ɗage, na wancan kafaɗa ta zubo. Aka yi ta dawo min da kaya, kuɗin mota a kaina, wasu kuma ba su dawo da rigar ba, su ma ba su sake dawowa ba. Laifina ne, ban ba su ma'auni ba. Yanzu kowace riga sai an yanka fasalinta a kwali, an rubuta inci nawa ne ƙirji, tsawo, kafaɗa da hannu, an ɗinka guda ɗaya tak, wata ta saka ta zauna ta ɗaga hannu. In ta yi, sannan a yanka sauran. Ba dole ki iya ɗinki ba, amma ki zauna a shago wata biyu ko uku har ki iya juya riga ki gane aikin ha'inci.

Sai yadi. In kin shiga Kantin Kwari, kada kyan launi ya sa ki kwashi bandir. Yanki yadi biyu, ki auna, ki wanke, ki goge, ki sake aunawa. Auduga tana tsukewa, wani rinin yana zuba, mai shago kuwa ba lallai ya faɗa miki ba.

Farashi kuma nan ake cin uwar kuɗi ba a sani ba. Yadi da ladan tela kowa yana tunawa. Zare, zif, maɓalli, leda, tambarin wuya, data, kuɗin Keke Napep, mai ɗaukar hoto, rigar da ta lalace, da lokacinki, su ne ake mantawa.

Game da suna, ki bincika a CAC kafin ki buga tambari, kada ki tarar wani ya riga ki. Kuma rajistar sunan kasuwanci daban, rajistar tambari daban, ofishinsu ma ba ɗaya ba ne. A shiri na gaba zan ɗauki riga ɗaya mu yi lissafinta tare, daga yadi har leda. Sai mun haɗu.