Kafin Ka Sa Ƙafa a Kwale-kwale

Mutumin Bichi ko Ɗambatta ɗan tudu ne. Ya san gero da dawa da gyaɗa, ya san jaki da amalanke, amma kakansa bai gaji ruwa ba. Manyan ruwayen da muke gani yau a arewacin Kano, irin Watari a Bagwai, Thomas a yankin Ɗambatta da Jakara a Wasai ta Minjibir, duk hannun mutum ne ya tare su, tun daga shirin madatsun ruwa da Gwamna Audu Baƙo ya ɗauko a mulkinsa na 1967 zuwa 1975. An yi su don noman rani da ruwan sha. Sai ga shi sun zama hanyar zuwa kasuwa da biki, sun kuma zama wurin yawon Sallah, inda samari da 'yan mata kan biya kuɗi kaɗan a zagaya da su. Ruwan ya zo mana, amma ilimin shigarsa, wanda Sarkawa ke koya tun suna goye, bai biyo shi ba.

A Ingila akwai masu hayar dogon jirgi siriri su yi hutun mako guda a magudanan da aka haƙa tun ƙarni na 18 don jigilar kwal. Ko wanda bai taɓa tuƙi ba ana ba shi, sai dai ba a sakar masa jirgin sai an nuna masa yadda ake sarrafa shi, kuma gudunsa ba ya wuce mil 4 a sa'a, kusan tafiyar ƙafa. Ruwan nasu ma ba zurfi gare shi ba. Namu dam ne. A ƙarƙashinsa akwai tsohon kwarin kogi, da kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye, ga taɓo mai riƙe ƙafa.

Don haka idan ka isa gaɓa, kada ka yi gaggawa. Tsaya ka dubi jirgin. Leƙa cikinsa: in ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ga yaro yana ta kwarfe shi da yankakkiyar jarka tun ba a tashi ba, to jirgin na yoyo. Sannan ka lura da tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa bayan an gama lodi. In ta rage kamar faɗin tafin hannu, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Sauka ka jira sawu na gaba, ko da za a yi maka dariya. Matuƙi kuɗin kai yake ƙirgawa, kuma kalmar da ta fi kowace haɗari a bakin ruwa ita ce "a matsa, akwai wuri."

Mun ga abin da take haifarwa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan Watari, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara. Lodi ya yi wa jirgin yawa. A watan Yunin 2023 kuma, a yankin Patigi na Jihar Kwara, sama da mutum 100 ruwa ya ci suna dawowa daga biki cikin dare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma wanda ya ɗaure raƙuminsa shi ne ya yi tawakkali.

Shiga ma da ladabinta. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, a taka tsakiya, a sunkuya, a zauna inda matuƙi ya nuna. Da an tashi, ba miƙewa, ba canza wuri, ba taruwa gefe guda don kallon kifi ko ɗaukar hoto da waya. Babbar riga da dogon hijabi, in suka jiƙe, nauyi suke yi su harɗe ƙafa, gara a tattare su. Rigar kariya kuwa sawa ake yi a ɗaure igiyoyinta, ba a cinya ake ajiye ta ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas bayan la'asar, haƙura da ƙetarewa. Iskar da ke gabansa ita ce matsalar.

In Allah ya kawo ƙaddara jirgi ya kife, a riƙe jikinsa, domin katako ba ya saurin nitsewa, kada a cakumi juna. Wanda ke gaɓa kuma bai iya iyo ba, ya miƙa gora ko igiya ko jarka mai murfi, kada ya faɗa.

Iyaye da malaman Islamiyya, duk ranar da za a ƙetara da yara, babba ya raka su har bakin ruwa, ya ƙirga su da kansa, a yi sawu biyu ko uku da rana tsaka.